Ya halatta mai bincike ya yi shiru a guruf yana kwasar maganganun mutane?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu baje a nan tunda kusan kowa a gidan nan ko dai yana rubuta kundin digiri ko yana duba na ɗalibai. Wasu masu bincike ne na Jami'ar Zurich a Suwizalan suka shiga wani zaure na shafin tattaunawa na Reddit da ake kira ChangeMyView, wajen da mutum zai faɗi ra'ayinsa ya ce duk mai hujja ya zo ya canza masa tunani, mutum sama da miliyan uku ne a ciki. Sai suka buɗe asusu na bogi suka haɗa su da ƙirƙirarriyar basira tana ba mutane amsa kamar ɗan adam ne ya rubuta, tun daga Nuwamban 2024 har Maris na 2025, amsoshi sama da 1,700. Wani asusun ya ce shi namiji ne da aka taɓa yi wa fyaɗe, wani ya ce sana'arsa ba waɗanda aka ci zarafinsu shawara, wani ya ce shi baƙar fata ne amma ba ya tare da Black Lives Matter, fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kafin a amsa maka sai wata na'urar ta fara bin tsofaffin rubuce-rubucenka ta kintaci shekarunka da jinsinka da inda kake zaune da ɓangarenka a siyasa, sannan a tsara amsar da za ta fi shigarka. Ba wanda ya sani sai da suka gama suka faɗa wa adminai, su kuma adminan suka fallasa a Afrilun 2025. Ya kuka gani?

Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ni dai ƙaryar fyaɗen nan ba ta yi min ba ko kaɗan, amma mu faɗi gaskiya tambayar da suke son amsawa babba ce. In har na'ura za ta iya juya tunanin mutum fiye da ɗan uwansa mutum ai gara mu sani tun yanzu kafin 'yan siyasa su fara yi mana lokacin zaɓe. Kuma da sun faɗa tun farko cewa na'ura ce ke magana wa zai saurare ta? binciken ya mutu kenan

Dakta Bashir:
Sadiq ai hujjar da su ma suka kawo kenan, cewa amfanin ya fi cutarwar. Amma dokar zauren ƙarara ta hana saka rubutun na'ura ba tare da an bayyana ba, sun karanta sun sani suka taka. Ƙarshenta jami'ar ta yi wa jagoran binciken gargaɗi, Reddit ta rufe asusun, babban lauyan kamfanin ya fito ya ce abin ba daidai ba ne a ɗabi'a da kuma a shari'a, su kuma suka ce sun fasa wallafawa. To ina ribar? an yaudari mutane, ilimin da ake taƙama da shi kuma bai fito ba. Alhali da akwai hanya, ka tara mutane ka ce musu za ku yi muhawara, wasu abokan muhawarar mutane ne wasu na'ura ce, ba za mu faɗa muku wanne ne wanne ba sai an gama. Duk wanda ya yarda ya shiga da idonsa a buɗe. OpenAI mai ChatGPT ma ta gwada ƙarfin na'urarta da tsofaffin rubuce-rubucen wannan zauren ba tare da ta sake ta a kan mutane ba.

Sadiq:
To Dakta ranka ya daɗe ai su ma masu tsofaffin rubutun ba a tambaye su ba. Ka ga mun dawo inda nake so, kenan matsalar ba rashin izini ba ce, ƙaryar ce. In ban yi wa kowa ƙarya ba, na zauna na karanta abin da mutane suka rubuta da hannunsu a fili, laifin me na yi?

Dakta Bashir:
Abu biyu ne kuma kowanne da nauyinsa. Taɓa mutane daban, kallon su daban. Na taɓawa misalinsa na Facebook, a Janairun 2012 tsawon mako ɗaya suka canza abin da mutum 689,003 ke gani a shafinsu, wasu aka rage musu rubutun farin ciki wasu aka rage musu na baƙin ciki don a ga ko yanayin zai kama su, aka wallafa a mujallar PNAS a 2014 tare da masu bincike na Jami'ar Cornell. Da aka yi caa a kansu sai aka ce ai kowa ya danna na yarda lokacin buɗe asusu. A cikin mutum kusan dubu ɗari bakwai babu mai ciwon damuwa? babu wanda aka yi wa rasuwa a makon? ba wanda ya duba. Na kallo kuma shi ne naka, kuma shi ma ba ko yaushe yake da tsabta ba.

Zainab:
Salam. Dakta dan Allah tunda an zo nan bari in kawo tawa don ta hana ni barci. Mastas nake a fannin nazarin zamantakewa, abin da nake son rubutawa a kai shi ne yadda matan aure ke neman shawara a guruf-guruf na mata a Facebook, irin wanda mace za ta tura wa admin matsalarta ta ce a ɓoye sunana, admin ta ɗora, mata su yi ta ba da shawara a ƙasa. Ina cikin wani babba tun kafin in fara karatun, ba don bincike na shiga ba, ni ma shawara nake karantawa. Rufaffen guruf ne amma mu dubbai ne a ciki. Sufabaiza na ya ce ba sai na nemi izinin kowa ba tunda dama sunayen a ɓoye suke, in kwafo fostin ɗari biyu in yi nazari. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya

Sadiq:
Malama Zainab ni ina bayan sufabaizanki. Sunan a ɓoye, mutum dubbai sun riga sun karanta, wane sirri ya rage? Sirrin da mutum dubu ashirin suka sani ai ya tashi daga sirri.

Anti Bilki:
Sadiq ɗana tsaya, wannan fagen nawa ne don ni admin ce a irin wannan guruf ɗin kuma na san abin da ke shigowa inbos ɗina da tsakar dare. Ka san yadda saƙon yake zuwa? Anti a ɓoye sunana, ni ce ta biyu a gidan, mijina direban tirela ne yana Legas yana Kano, shekararmu shida ban taɓa ko ɓari ba, uwargidan 'yar ƙanwar babarsa ce, gidan gado muke zaune da ƙannensa. Babu suna ko? To wlh duk wanda ke layinsu yana karantawa ya gane ta. Ita ta san da haka, ta yarda ta ɗauki wannan kasadar ne saboda ta san mata ne zalla a ciki, mun tantance kafin mu karɓi mutum, kuma muna da doka duk wadda ta fitar da hoton fostin waje korarta za mu yi. Kamar ranar suna ne mata sun cika tsakar gida ana ta hira, ƙofa a buɗe kowa na shiga na fita, amma wannan bai ba wani damar ya tura rikoda ta ƙarƙashin tabarma gobe ya saka a rediyo ba. Yanzu ka ɗauki labarin nan ka saka a kundi, kundin ya shiga laburaren jami'a ko a ɗora shi a intanet yadda ake yi yanzu, ƙanin mijin nata ɗalibi ne a wannan sashen ya zo neman abin da zai kwafa ya ci karo da shi. Wa zai riƙe mata auren? kai ko sufabaizan?

Zainab:
Anti wlh abin da ke cin raina kenan, don akwai waɗanda ni kaina ina karantawa na gane ko su waye

Ɗan Fagge:
Maganar cire suna ɗin nan an sha gwadawa tana ba da kunya. A 2006 kamfanin AOL ya saki abubuwan da mutum wajen 650,000 suka bincika a intanet, kusan miliyan 20, ya cire sunaye ya saka lambobi, wai don masu bincike su amfana. Cikin kwanaki 'yan jaridar New York Times suka bi abin da lamba ɗaya ta riƙa nema har suka je ƙofar gidan wata dattijuwa mai shekara 62 da mijinta ya rasu a jihar Jojiya. A 2008 kuma wasu masu bincike suka saki bayanan Facebook na ɗalibai wajen 1,700 na wata jami'a da suka ƙi faɗar sunanta, nan da nan wani masani Michael Zimmer da wasu suka gano Harvard ce daga irin kwasa-kwasan da aka lissafa, kuma akwai ƙasashen da ɗalibi ɗaya tak ya fito daga can, ka ga an gama gane shi. Dole aka janye bayanan.

Dakta Bashir:
Ƙara da na OkCupid a 2016, wasu 'yan Denmak suka kwashe bayanan mutum kusan 70,000 daga shafin neman abokin soyayya har da sunayen da suke amfani da su da amsoshinsu kan addini da shaye-shaye da abin da ya shafi shimfiɗa, suka zuba a fili. Da aka tambayi jagoran ko ya ɓoye wani abu sai ya ce a'a ai dama a fili suke. Kalmar Sadiq ce sak. Helen Nissenbaum, masaniya kan sirrin bayanai, ta daɗe da warware wannan, ta ce kowace magana tana tafe da ƙa'idar wajen da aka faɗe ta. Abin da ka gaya wa likita ba sirri ba ne tsakaninku da nas da mai haɗa magani, amma ranar da ya isa teburin maigidanka a wajen aiki an ci amanarka ko da harafi ɗaya bai canza ba. Ba yawan waɗanda suka ji ake dubawa ba, su waye suka ji kuma da wane sharaɗi.

Malam Nura:
Salamu alaikum, ina ta bi a hankali. Ni abin da nake so in tunatar shi ne mu ba sai mun jira Turawa sun koya mana wannan ba. Hadisi ya zo a Abu Dawud da Tirmizi cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya to maganar nan amana ce. Ku duba fa, bai ce kar ka faɗa ba, waiwayen kawai ya isa ya nuna ba ya son ta fita. To wadda ta rubuta a ɓoye sunana ai ta wuce waiwaye, ta faɗa da bakinta. Kuma Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin sirrin mutane. Niyyar Malama Zainab mai kyau ce ba shakka amma kyan niyya ba ya mayar da amanar wani ta zama taka.

Sadiq:
Allah gafarta Malam na ji, kuma na Anti Bilki ya shige ni. Amma ku bar ni in faɗi ɗaya ɓangaren don kar mu rufe ƙofar ilimi da hannunmu. Mu ne kullum muke kukan ba a bincike a kanmu, na'urorin nan ba sa jin Hausa, in an yi rubutu kan matan Arewa sai dai wani ya zo daga waje ya yi mako biyu a otal ya koma ya rubuta abin da ya ga dama. Yanzu ga 'yar gida ta fito za ta rubuta daga ciki muna ɗaure mata hannu. Ku dubi NaijaSenti da su Shamsuddeen Muhammad suka fitar a 2022, rubutun Twitter wajen dubu talatin-talatin a Hausa da Yarbanci da Ibo da Pidgin aka tattara aka yi wa alama, yau duk mai son koya wa kwamfuta gane yabo da zagi a Hausa da shi yake farawa. Da an ce sai an bi mutum dubu talatin ɗaya bayan ɗaya an nemi izini da har yau ba a fara ba.

Dakta Bashir:
Ba wanda ya ce a bi dubu talatin. Wanda ya hau Twitter ya yi magana kan tsadar fetur duniya yake so ta ji, kuma mai nazarin ba ruwansa da shi a karan kansa, jimilla yake ƙirgawa. Wannan daban da rufaffen guruf da ake maganar rashin haihuwa da duka da saki. Ƙungiyar masu binciken intanet ta AoIR ta fitar da jagora a 2002 da 2012 da 2019 kuma duk ba su ba da doka ɗaya da za ta hau kowa ba, tambayoyi suke jerowa, me mutanen wajen suke zato game da sirrinsu, yaya raunin su yake, in abin ya fita wa zai cutu kuma yaya girman cutar. Ko a Twitter ɗin ma akwai tarko, wani nazari da aka wallafa a 2018 ya duba maƙaloli na fannin lafiya da suka yi amfani da Twitter, kashi 72 cikin ɗari sun kwafo maganar wani kalma da kalma, kuma a kashi 84 na waɗannan da aka saka maganar a gurbin nema sai ga mai ita ya fito. Ka cire suna ka bar jimlar yadda take, ba ka ɓoye komai ba.

Barista Hauwa:
Bari in saka baki ta ɓangaren doka. Tun watan Yunin 2023 muna da dokar kare bayanan mutane a Najeriya kuma akwai hukumar NDPC da ke kula da ita. Dokar ta ware wasu bayanai ta ce masu tsauri ne, ciki har da lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa da rayuwarsa ta auratayya, kusan duk abin da ke cikin fostin ɗin da Zainab ke magana. Kuma bayanin mutum ba sunansa kaɗai ba ne, duk abin da za a iya bi a gane shi ya shiga. Sannan ƙanwata ki tuna a irin guruf ɗin nan akwai amaren da ba su kai 18 ba, ke ba ki da hanyar tantancewa daga rubutu. Wannan kaɗai ya isa ki ce wa sufabaiza sai kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku ya gani kafin ki taɓa komai.

Zainab:
Barista a sashenmu in ba asibiti za ka shiga ba ba wanda ke tura ka kwamiti, ana ganin na 'yan likitanci ne kawai

Ɗan Fagge:
Wannan ita ce babbar matsalarmu, kuma abin takaici mu Kanawa mun fi kowa sanin inda rashin neman izini ke kaiwa. 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurmance wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi musu haka kuma an nemi yardar iyaye da baki, iyayen suka ce ba su san gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Amma ku duba abin da ya biyo baya, da aka zo rigimar allurar shan inna a 2003 har Kano ta dakatar da ita, Trovan na cikin abin da mutane ke nunawa su ce ga dalilinmu. Yaran da ba a ma haifa ba a 1996 su suka biya bashin.

Sadiq:
Haba Yaya, kwafar fostin da gwajin magani a jikin yara ai ba a haɗa su

Ɗan Fagge:
Ban ce nauyinsu ɗaya ba, abin da nake nuna maka shi ne yadda yarda ke karyewa. Ranar da matan nan suka ji cewa wata a cikinsu ta kwashi labaransu ta kai jami'a, ba Zainab kaɗai za su rufe wa ƙofa ba, duk ɗalibar da ta zo bayanta da takardar tambayoyi sai ta sha kora, kuma wadda mijinta ke dukanta da take shirin turo saƙo daren nan za ta fasa ta haɗiye abinta.

Anti Bilki:
Wannan na ƙarshen shi ne tsorona. Wasu matan wlh ba su da inda za su kai kuka sai nan, gidansu za a ce su yi haƙuri, ƙawa za ta yaɗa.

Maman Hanif:
Ni kuma ku ji tawa don ta saba da taku. Marubuciya ce ni, a WhatsApp da Wattpad nake sakin littattafaina shafi-shafi. Wata ɗaliba ta taɓa nazarin littafina a kundinta, ta kwafo shafuka guda-guda ta yi sharhi, amma wai saboda ɗa'ar bincike sai ta kira ni Marubuciya A. Raina ya ɓaci sosai, na kwana ina rubutu da ɗan yatsa a waya, an ɗauki aikina an samu digiri da shi sunana ko sau ɗaya bai fito ba. Da littafin bugawa ne na kasuwa ai ba za ta yi haka ba. Don haka kar a ɗauka ɓoye suna shi ne kullum mutunta mutum, wani ɓoyewar ce cutar.

Dakta Bashir:
Hajiya kin kawo abin da ake yawan mantawa. Ke mawallafiya ce, haƙƙinki a ambace ki. Waccan mai neman shawara ce, haƙƙinta a rufa mata asiri. Kuma hanyar da mai bincike zai san wacce ce wacce guda ɗaya ce, ya tambaya. Da ɗalibar ta turo miki saƙo layi biyu da kin faɗa mata.

Maman Hanif:
Ko lambata tana da ita Dakta, tana cikin guruf ɗin masu karatuna

Sadiq:
To saura guda ɗaya da ba ku amsa min ba. Guruf ɗin 'yan damfara fa, ko masu yaɗa ƙarya lokacin zaɓe, ko masu hura wutar ƙabilanci da addini? In yi sallama in ce ni mai bincike ne ku ba ni izini? Minti ɗaya ba zan ƙara ba za su cire ni. Kenan miyagu sun samu kariya daga ɗa'ar taku.

Dakta Bashir:
A nan ina tare da kai rabi. Akwai binciken ɓoye da ake yarda da shi, idan abin yana da muhimmanci ga jama'a kuma babu wata hanyar samun sa. Amma sharaɗin ba kai kaɗai za ka zauna a ɗakinka ka yanke cewa naka ya cancanta ba, kowa ganin nasa yake ya cancanta, 'yan Zurich ma haka suka gani. Wasu ne da ba su da riba a ciki za su duba su ce eh ko a'a, su tambaye ka ina za ka ajiye abin da ka kwaso, wa zai gani, yaushe za ka goge, kuma ba za ka yi ƙaryar kai wani ne ba balle ka zuga su. Sannan kar ka raina abin da ake samu ta ƙofar gaba. Binciken da cibiyar CDD ta Abuja ta yi da Jami'ar Birmingham kan WhatsApp a zaɓen 2019, wanda ya haɗa da Kano da Oyo, zama suka yi da mutane suka yi hira da su har da masu yi wa 'yan siyasa aiki a soshiyal midiya, kuma mutanen suka buɗe baki suka faɗi yadda ake tsara guruf-guruf tun daga sama har mazaɓa. Wanda ya laɓe yana karanta saƙo ba zai taɓa sanin wa ke biyan kuɗin data ba.

Sadiq:
Na karɓi wannan. Amma kwamitin da zai duba ɗin sai ya zama ya san intanet, don a Jami'ar Minnesota kwamitin jami'ar ne ya ce tura gyara mai ɓoyayyen lahani ga masu kula da manhajar kwamfuta ta Linux ba bincike kan mutane ba ne, sai da masu Linux ɗin suka hana jami'ar gaba ɗaya turo musu komai a 2021. Takardar kwamiti kaɗai ba ta wanke mutum.

Zainab:
To yanzu ni ya zan yi? shekara ta ta ƙarshe ce kuma ba na so in bar maudu'in, wlh ina ganin abin da matan nan ke ciki ya kamata a sani

Anti Bilki:
Kar ki bari 'yata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki fara zuwa wajen adminan ku ki faɗa musu komai. Amma ki sani yardar admin ba yardar mai labari ba ce, ni ban isa in ba da labarin wata kyauta ba don kawai ta inbos ɗina ya biyo. Abin da za su iya yi miki shi ne su ɗora sanarwa da sunanki da makarantarku da abin da kike nema, duk mai so ta neme ki da kanta. Za ki sha mamakin yawan waɗanda za su zo, mata na son a saurare su. Tsofaffin fostin kuma ki bar su inda suke, wasu masu su sun bar guruf ɗin, wasu sun koma gidan mazajensu an shirya, wasu sun rasu.

Dakta Bashir:
Ƙari a kan na Anti, kina iya bayyana irin matsalolin da ake kawowa a dunƙule, kishiya, dangin miji, rashin haihuwa, kuɗin cefane, ba tare da kin ɗauko labarin kowa ba. Waɗanda suka yarda kuka yi hira ki canza garin da sana'ar mijin da yawan yaran, kar ki saka jimlar da ta taɓa fitowa a guruf yadda take, kuma ki rubuta a babin hanyar bincike cewa kin canza da gangan da dalilinki, wata masaniya Annette Markham ta yi rubutu a kan haka a 2012 in sufabaiza ya nemi madogara. Sunan guruf ɗin ma kar ya fito. Muryoyin da kika naɗa kar su kwana a wayar da yara ke wasa da ita, kuma ki faɗa wa kowacce tana da damar janyewa kafin ki miƙa kundin.

Barista Hauwa:
Takardar yardar ki yi ta da Hausa, wadda ba ta iya karatu sosai ki karanta mata ta amsa da murya. Kuma ki tanadi inda za ki tura mace idan a tsakiyar hira ta faɗa miki abin da ya fi ƙarfinki, irin duka mai tsanani ko tunanin kashe kai, kar ki tsaya da rikoda a hannu ba ki san abin yi ba.

Zainab:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Damuwata ɗaya sufabaiza zai ce hira da mutum ashirin ba ta kai fostin ɗari biyu ba, kuma in adminan suka ƙi fa?

Anti Bilki:
In sun ƙi sun ƙi, ki zo nawa guruf ɗin in tambayi matan, in su ma sun ce a'a sai mu nemi wata hanyar.

Dakta Bashir:
Maganar sufabaiza ki bar min, ki rubuto shafi ɗaya kan yadda za ki tattara bayanan da dalilin canjin ki turo min ta inbos kafin Litinin in duba, sai ki kai masa da shi a hannu.